Daga Ido Zuwa Yatsa: Tarihin Binciken Kwaikwayon Hannu

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya taso daga Nguru ya nufi Gashuwa, ba makawa sai ya ratsa ta Jajimaji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa a arewacin Jihar Yobe. Ƙasa ce ta rairayi da goruba, kuma inda goruba take nan kaba take, inda kuwa kaba take ba a rasa masu saƙa. Da yawa daga cikinmu da muka tashi a wannan yanki mun buɗe ido ne muka ga iyayenmu da kakanninmu zaune a inuwa, ga jiƙaƙƙiyar kaba a gefe, baki yana hira, yatsu suna ta aikinsu kamar ba ruwansu da mai su. A gefen gwanar saƙa kuma akan sami wata 'yar yarinya ta zuba ido, riƙe da guntayen kabar da aka yar, tana ɗaga wannan sili tana danne wancan. Ba wanda ya ba ta littafi, ba wanda ya yi mata lacca. In ta yi kuskure, iyakaci a karɓe, a warware, a sake saƙawa a gabanta sannu a hankali, a miƙa mata. Kafin a ankara sai ga ta tana fitar da tabarmar da za a iya shimfiɗa wa baƙo.

Wannan al'amari ya zame mana jiki har ba ma ganinsa abin mamaki, alhali kuwa in aka yi masa duban tsanaki akwai ƙulli mai wuyar kwancewa a cikinsa. Abin da ya isa ga yarinyar nan haske ne kawai da ya faɗa cikin idonta. Abin da ya fito daga gare ta kuwa umarni ne zuwa ga tsokoki fiye da 30 masu sarrafa hannu da yatsu, kowace da lokacin da za ta ja da lokacin da za ta saki. Ba ta taɓa ganin tsokar mahaifiyarta ba, balle saƙon da ƙwaƙwalwar mahaifiyar take aikawa. To, wane tafinta ne a cikin kanta yake juya abin da ido ya gani ya koma abin da yatsa zai yi?

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun wannan tambaya a cikin tarihi, mu ga yadda likitoci da masana suka yi ta kai gwauro suna kai mari a kanta fiye da shekara 120. Za mu ga cewa an je neman tafinta guda, sai aka tarar da hanyoyi masu yawa sun sarƙe da juna, kuma mafi yawan wannan sarƙiya zama kusa da gwani ne yake saƙa ta.

Makarantar da ta girmi allo

Kafin mu ƙetare teku, ya kamata mu fara da gida. A shekarar 1987 wani Bafillatani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, cikin Ƙaramar Hukumar Fune, daf da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani itace a zurfin kimanin mita 5. A shekarar 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone wurin, ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, wato mafi tsufa da aka taɓa samu a nahiyar Afirka. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu tonon shi ne kyan sassaƙarsa, musamman yadda aka fiƙe gabansa da bayansa. Hannun ɗan koyo ba ya fitar da irin wannan a gwajin farko. Wanda ya sassaƙa shi ya ga wani yana sassaƙa, wancan ma ya ga wani, har zuwa inda ba wanda ya sani. Ke nan a wannan ƙasa tamu ta Yobe, ido yana koya wa hannu aiki tun dubban shekaru kafin a san alƙalami.

Daga cikin magabata da suka yi tunani mai zurfi a kan wannan makaranta akwai Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddimarsa a shekarar 1377. A wurinsa sana'a ɗabi'a ce da take kafuwa a jiki ta hanyar maimaitawa, kuma abin da aka ɗauka ta gani da ido da sa hannu ya fi wanda aka ɗauka ta labari cika, sannan ƙwarewar almajiri tana bin ƙwarewar malaminsa. Ya kawo misalin mutumin da zai iya bayyana maka ɗinki tiryan-tiryan, daga zura zare a allura har zuwa kalmasa, amma in ka miƙa masa ƙyalle ya ɗinka sai ya kasa. Abin sha'awa ga mu ɗaliban harshe, ya kawo wannan misali ne yana sukar masana nahawun da suka haddace ƙa'idoji amma ba su iya rubuta wasiƙa mai kyau. Mai kunne ya ji.

Da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a shekarar 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu, sababbin sana'o'i kuma suka shigo: tela da kekensa, makaniki da sufanarsa, direba da sitiyarinsa. Kayan aiki sun sauya, amma hanyar koyo tana nan yadda take wurin masunta Bade masu koma da gora, da masu ɗinkin hula, da masu kitso. Yaro ya zauna, ya yi kallo, a aike shi, ya dawo ya ci gaba da kallo, sai wata rana a ce, “Karɓi ka gwada.” Kowa ya san haka ake yi. Abin da ba a sani ba shi ne abin da yake faruwa a cikin ƙoƙon kai.

Ma'aikacin gwamnatin da aka ce ya haukace

Ƙofar wannan ilimi ta wajen marasa lafiya aka fara buɗe ta, domin sai abu ya lalace ake gane da sassa nawa aka haɗa shi. A shekarar 1861 Paul Broca, wani likita a birnin Paris, ya nuna cewa rauni a wani wuri a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa yana ɗauke wa mutum magana. Mu riƙe sunan wannan wuri, yankin Broca, domin za mu sake haɗuwa da shi inda ba mu zata ba.

A shekarar 1900 aka kai wani babban ma'aikacin gwamnati, ɗan shekara 48, asibitin masu taɓin hankali na Dalldorf a birnin Berlin, bayan ya sami bugun jini a ƙwaƙwalwa. Likitoci sun riga sun yanke hukunci cewa hankalinsa ya gushe, domin in aka ce ya ɗauki abu kaza sai ya damƙo wani, in aka ce ya yi wata alama da hannu sai ya yi ta lalube. Sai wani likita mai suna Hugo Liepmann ya lura da wani abu ƙarami da kowa ya tsallake: mutumin nan da hannun dama kaɗai yake ƙoƙarin yin komai. Liepmann ya riƙe masa hannun daman, ya ce ya yi da hagu. Nan take wanda ake kira mahaukaci ya shiga aikata abin da aka umarce shi daidai. Ashe yana ji, yana fahimta, hannun daman ma yana da ƙarfinsa. Hanyar da take kai tsarin aiki zuwa ga hannun ce ta yanke. Wannan lalura ita ake kira afraksiya, mu kuwa muna iya ce mata ɓatan aikin hannu.

Liepmann bai tsaya a kan mutum guda ba. A shekarar 1905 ya ba da rahoton gwajin da ya yi wa marasa lafiya masu shanyewar ɓarin jiki, yana sa su aiki da hannun da bai shanye ba, ciki har da kwaikwayon motsin da ya yi a gabansu. Kamar yadda aka sani, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi yake mulkin ɓarin dama na jiki, na dama kuma yake mulkin hagu. Daga cikin mutum 41 da damansu ya shanye, 20 sun kasa aiki daidai ko da hannunsu na hagu mai lafiya. Daga cikin 42 da hagunsu ya shanye kuwa ba a sami ko ɗaya da wannan matsala ba. Da haka ya kafa hujjar cewa ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ne ma'ajiyar tsarin aikin hannaye biyu duka.

A nan ya kamata mu ɗan zana wa mai karatu taswira. Mu ɗauki kowane ɓari na ƙwaƙwalwa kamar gari mai unguwa huɗu: unguwar ƙeya, inda saƙon ido yake sauka; unguwar kunne, a gefe; unguwar tsakar ka, a sama ta baya, wadda take lissafin inda kowace gaɓa take; sai unguwar goshi, inda umarnin motsi yake fita. A ra'ayin Liepmann, a unguwar tsakar ka ta hagu ake shirya tsarin aiki, a tura shi gaba zuwa unguwar goshi, in kuma hannun hagu ne zai yi aikin sai saƙon ya ƙetare gadar da ta haɗa ɓari biyun. An yi watsi da wannan bayani shekaru da dama, har sai da Norman Geschwind na birnin Boston ya farfaɗo da shi a shekarar 1965. A tsakanin nan, a shekarar 1937, Wilder Penfield da abokin aikinsa Edwin Boldrey a Montreal ta Kanada sun nuna, ta hanyar taɓa ƙwaƙwalwar marasa lafiya da 'yar wutar lantarki lokacin tiyata, cewa filin da hannu da yatsu suka ci a unguwar motsi ya fi na gangar jiki gaba ɗaya.

Biran Parma da yatsun Los Angeles

Babban juyi ya zo ne daga Jami'ar Parma a ƙasar Italiya. Giacomo Rizzolatti da abokan aikinsa suna sauraren ƙwayoyin jijiya ɗai-ɗai a unguwar goshin wasu birai na Asiya da ake kira makak, domin su ga waɗanne ne suke aiki in biri ya miƙa hannu ya ɗauki abinci. Sai suka lura cewa wasu daga cikin ƙwayoyin suna harbawa ko da birin yana zaune bai motsa ba, muddin ya ga mutum ya miƙa hannu ya ɗauki abincin. Sun buga rahoton farko a shekarar 1992. A shekarar 1996 suka ba da lissafi: cikin ƙwayoyi 532 da suka saurara, 92 suna da wannan hali na amsa aikin kai da aikin wani, suka kuma raɗa musu suna ƙwayoyin madubi.

Duniya ta ɗauka. Aka ce ga tafintan da ake nema an same shi. Kafin shekara goma an jingina wa ƙwayoyin nan asalin harshe, da tausayi, da al'ada, da kusan duk abin da ya bambanta ɗan Adam da dabba. A ganinmu zumuɗi ya yi yawa, kuma akwai wata hujja da take gaban kowa tun farko. Duk da sunan da biri ya yi wajen kwaikwayo a bakin mutane, masu nazarin halayen dabbobi sun daɗe da sanin cewa makak ba gwanin kwaikwayon sabon aiki ba ne. Ga madubi a ka, amma ko shekara goma ya yi a gefen mai saƙa ba zai fitar da faifai ba. Ashe madubi kaɗai bai isa ba. Gregory Hickok na Jami'ar California ya rubuta littafi sukutum a shekarar 2014 yana warware yawancin waɗancan da'awoyi. Samuwar ƙwayoyin dai ba a musanta ba, har ma a shekarar 2010 an saurari irinsu kai tsaye a ƙwaƙwalwar mutum 21 masu farfaɗiya da aka sa wa wayoyi domin shirin tiyata. Girman aikin da aka ɗora musu ne aka rage.

Gwajin da ya fi kusa da tambayarmu shi ne wanda Marco Iacoboni da abokansa suka buga a shekarar 1999 daga Los Angeles ta Amurka. An sa mutane cikin na'urar MRI mai nuna inda jini ya ƙaru a ƙwaƙwalwa lokacin aiki. Wani lokaci a nuna musu hannu yana ɗaga manuniya ko yatsan tsakiya, su ɗaga irinsa. Wani lokaci kuma alama kawai za a nuna musu da take gaya musu yatsan da za su ɗaga. Motsin iri ɗaya ne, abin da ya jawo shi ne ya bambanta. Da aka kwatanta, sai aka ga kwaikwayo ya fi kunna wani yanki a unguwar tsakar ka ta dama, da wani a unguwar goshi ta hagu. Wannan na biyun kuwa ba wani ba ne illa yankin Broca, wanda tun 1861 ake ɗauka na magana ne kaɗai.

Daga wannan da binciken da ya biyo baya aka fitar da hoton da yawancin masana suke aiki da shi. Saƙon ido ya sauka a ƙeya, ya wuce wani kwari a unguwar kunne wanda ya ƙware wajen gane motsin mai rai, daga nan ya hau tsakar ka inda ake auna shi da jikin mai kallo, sannan ya isa goshi inda ake zaɓen motsin da za a yi. Akwai kuma bayanin da yake cewa kwafin umarnin yana komawa baya, a gwada shi da abin da aka gani, a gyara. Sannan akwai birki. A shekarar 1986 François Lhermitte a Paris ya bayyana marasa lafiyar da gaban unguwar goshinsu ya lalace, waɗanda duk abin da likita ya yi a gabansu sai su yi, ko da an ce kada su yi. Da ba don wannan birki ba, da a kasuwar Nguru in mutum ɗaya ya sosa ƙeya sai layin gaba ɗaya ya sosa.

Hannu daban, yatsu daban

Bahaushe ya bambanta koyi da kwaikwayo. Ana koyi da mutumin kirki a halinsa da manufarsa, ana kwaikwayon tafiyar wani ko muryarsa a siffarta kawai. Likitoci ma sun gano amfanin irin wannan bambanci. In ka yi wa mara lafiya alamar ban kwana ko ta kira ya maimaita, mai yiwuwa ma'anar ya gane, ya ɗauko motsin daga abin da ya saba tun yana yaro. In kana son gwada tsantsar hanyar da ta tashi daga ido zuwa hannu, sai ka nuna masa motsin da ba shi da wata ma'ana, wanda bai taɓa yi ba.

Wannan shi ne abin da Georg Goldenberg, likita ɗan ƙasar Austriya da ya daɗe yana aiki a birnin Munich, ya mayar da hankali a kansa. Ya raba gwajin gida biyu. A kashi na farko yatsu ba sa sauyawa, abin da yake sauyawa shi ne inda aka ajiye hannu a jikin kai da fuska da yadda aka juya shi, alal misali a kifa tafi a kan ka, ko a sa bakin yatsu a ƙarƙashin haɓa. A kashi na biyu kuwa ba a damu da inda hannu yake ba, tsarin yatsu ake dubawa: wanne aka miƙe, wanne aka lanƙwashe. A shekarar 1996 ya nuna cewa masu rauni a ɓarin hagu sun fi faɗuwa a ajiye hannu, masu rauni a ɓarin dama kuwa hannunsu yana zuwa daidai amma yatsu su rikice musu. A shekarar 2006, shi da Hans-Otto Karnath suka duba hoton ƙwaƙwalwar mutum 44 masu rauni a hagu, suka ce matsalar ajiye hannu tana tafiya da raunin ƙasan unguwar tsakar ka, ta yatsu kuwa da raunin ƙasan unguwar goshi. Ba a bar maganar ta kwanta ba, domin a shekarar 2017 wasu masu bincike a birnin Cologne sun duba marasa lafiya fiye da 250 ba su ga iyakar ta fito fili haka ba. Muhawarar inda iyakar take a ƙwaƙwalwa tana nan, amma cewa mutum yana iya rasa ɗaya ya tsira da ɗaya abu ne da likitoci suka sha gani.

Mu da muke sashen harshe muna da wata shaida a kusa. Tun shekarar 1960 William Stokoe ya nuna cewa kalmar harshen kurame tana da sassa kamar yadda kalmar baki take da baƙaƙe da wasula: wurin da aka yi ta, da siffar yatsu, da motsi. Constanze Schmaling, wadda ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, ta bi irin wannan hanya wajen bayyana maganar hannu ta ƙasar Hausa a littafinta na shekarar 2000. Binciken da aka yi a kan yaran da suka tashi da harshen hannu a Amurka ya nuna cewa wurin alama suke fara kamawa daidai, siffar yatsu ita ce ta ƙarshen zama. Duk wanda ya taɓa kallon 'yar koyon saƙa zai gane wannan. Zaman gwana da riƙon kaba da karkatar kafaɗa, a rana ɗaya take ɗauke su. Wane yatsa ne zai danne, wanne zai zura, nan ne ake shan watanni.

Gado ne ko koyo?

Sauran tambaya ita ce ko da waɗannan hanyoyi ake haihuwar mutum. Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma shekaru kusan 40 kimiyya ta goyi bayansu. A shekarar 1977 Andrew Meltzoff da Keith Moore suka ba da rahoton cewa jarirai 'yan kwana 12 zuwa 21 suna kwaikwayon fito da harshe, da buɗe baki, da motsa yatsu. Wannan ya shiga littattafan karatu a duniya. Sai a shekarar 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka bi jarirai 106, suka gwada su a mako na 1 da na 3 da na 6 da na 9, da nau'in motsi da sauti har 11, ba su sami shaidar kwaikwayo ba. Jaririn yana fito da harshe, gaskiya ne, amma yana yin haka ko da wani abin daban aka nuna masa. Meltzoff bai amince da tsarin gwajin nasu ba, ana kuma ci gaba da ja-in-ja.

Gwajin da ya fi gamsar da mu ƙarami ne, kuma da yatsu biyu aka yi shi. An riga an san cewa in mutum yana kallon manuniyar wani tana motsi, hanyar da take zuwa tsokar manuniyarsa takan ɗan farka, ana kuma iya auna wannan da bugun maganaɗisu a ka. A shekarar 2007 Caroline Catmur da Vincent Walsh da Cecilia Heyes a London suka horar da mutane su yi akasi: in sun ga manuniya ta motsa su motsa ƙaramin yatsa, in sun ga ƙaramin yatsa su motsa manuniya. Bayan ɗan gajeren horo sai madubin ya juya, ganin manuniya ya koma farkar da tsokar ƙaramin yatsa. Abin da horon yini guda zai iya juyawa, da wuya a ce ƙaddararre ne tun daga ciki. Bayanin Heyes shi ne cewa jariri yana kallon hannunsa yana motsi dubban sau, manya kuma suna kwaikwayonsa suna yin abu tare da shi, har gani da yi su ɗaure da juna. Haka nan a shekarar 2005 an nuna a London cewa ƙwaƙwalwar ƙwararren mai rawa ta fi amsawa in yana kallon irin rawar da jikinsa ya iya. Ke nan gwanar saƙa da baƙon da ya tsaya kallo ba abu ɗaya suke gani ba, ko da idonsu yana kan tabarma guda.

Sabon aiki fa, yaya ake ɗaukarsa? A shekarar 2004 Giovanni Buccino da abokansa suka sa mutanen da ba su taɓa kiɗa ba su kalli yadda makaɗi yake ɗora yatsu a wuyan jita, su dakata kaɗan, sannan su yi irinsa. A lokacin dakatawar nan, ban da hanyar tsakar ka da goshi, wani yanki a can gaban goshi mai riƙe abu a zuci da tsara shi ya shiga aiki. Fassarar da suka yi ita ce ana farfasa abin da aka gani zuwa ƙananan motsin da jiki ya riga ya sani, sannan a sake jera su. Yaron da yake bin mai garaya ko mai gurmi, ya kalla, ya yi shiru, sannan ya taɓa tsirkiya, shirun nan nasa aiki ne.

Akwai kuma abin da ɗan Adam ya keɓanta da shi. A shekarar 2005 Victoria Horner da Andrew Whiten suka nuna wa biran cimfanzi a tsibirin Ngamba na Uganda yadda ake ciro lada daga wani akwati, suka cusa wasu matakai marasa amfani a ciki. Da aka kawo akwati mai gilashi wanda ake ganin cikinsa, sai biran suka watsar da matakan banza suka tafi kai tsaye. Yara 'yan shekara 3 zuwa 4 kuwa suka maimaita komai, har da na banzan. A kallon farko biri ya fi wayo. Amma mu tuna 'yar koyon da ta ga ana jiƙa kaba kafin a saƙa, ana rina wata da karan dafi a bar ta ta sha iska. Ba ta san dalili ba, sai bayan shekaru za ta gane cewa busasshiyar kaba karyewa take yi. Da za ta zubar da duk matakin da ba ta ga amfaninsa nan take ba, da sana'ar ta mutu a hannunta.

Ko wurin zama yana da tasiri. Wani gwaji da aka buga a shekarar 2006 daga Seattle ya nuna cewa mutane sun fi saurin kwaikwayo in sun ga hannun ta fuskar da suke ganin nasu, fiye da in yana fuskantarsu, domin a na biyun sai ƙwaƙwalwa ta juya hoton tukuna. Iyayenmu ba su karanta wannan ba, amma sau nawa muka ji an ce wa yaro, “Dawo nan gefena ka gani”? Yau tabarmar roba ta cika kasuwanninmu, matasa da yawa kuma a waya suke koyon lalle da ɗinki da girki. Ba mu raina wannan ba, hoton waya ma yakan nuna hannu ta fuskar mai kallo. Sai dai waya ba ta karɓe saƙa ta warware ta miƙo, kuma wannan zagaye na gani da yi da gyara shi ne binciken ya nuna yana ɗaure hanyoyin.

Komawa gida

Darasin Dalldorf bai tsufa ba a wurinmu. Hawan jini ya yawaita, shanyewar ɓarin jiki kuma ba baƙuwa ba ce daga Nguru har Gashuwa. Akan sami dattijuwar da ta yi shekara 50 tana saƙa, ta tashi daga ciwo da ɓarin dama a shanye, a miƙa mata ludayi a hannun hagu mai lafiya ta juya shi baibai, ko a ba ta asuwaki ta rasa yadda za ta kai shi baki. Sai 'yan gida su ce ta gigice, wasu su ce iska ce, wasu ma su ce gardama ce ta tsufa, a daina sa ta cikin shawara. Sau da yawa hankalinta yana nan garau kamar na ma'aikacin Berlin, tana kuma jin duk abin da ake faɗa a kanta. Tun daga shekarar 2007, da wani ƙaramin gwaji a Jamus, masu gashin ƙashi da motsa jiki suna jarraba sa irin waɗannan marasa lafiya su kalli aikin hannu na yau da kullum sannan su gwada yinsa, an kuma sami ɗan ci gaba, ko da yake ba mai yawa ba.

Gwajin Goldenberg kuwa ba ya bukatar na'ura ko wutar lantarki, a kan tabarma ma ana iya yinsa. Ma'aikacin lafiya ya zauna fuska da fuska da mara lafiya, ya nuna siffar ajiye hannu guda 10 da ta yatsu guda 10, ɗaya bayan ɗaya, mara lafiya yana maimaitawa da hannun da bai shanye ba, kamar yana duban madubi. In ya yi daidai a karon farko a ba shi maki 2, in sai da aka sake nuna masa a ba shi 1, in ya kasa a bar shi ba maki. Kowane kashi makinsa 20, kuma ana rubuta na hannu daban, na yatsu daban.